Nazarin Lamari: Yadda Malaman Makarantar Fern Ridge Suka Haɗa Kai Suka Gyara Ɗabi'ar Ɗalibai

A shekarar karatu ta 1994 zuwa 1995, ƙaramar sakandaren Fern Ridge, wadda ke garin Elmira a jihar Oregon ta Amurka, ta rubuta takardun tura ɗalibi ofis har guda 2,628. Makarantar ta karkara ce, tana yamma da birnin Eugene, kuma ɗalibanta 530 ne kacal, 'yan aji 6 da 7 da 8, wato yara masu shekara 11 zuwa 14 ko kusa da haka. Idan aka raba takardun a kan yawan yaran, kowane ɗalibi zai tashi da kusan biyar a shekara guda, idan kuwa aka raba su a kan kwanaki kimanin 180 da yawancin makarantun Amurka suke karatu, za a ga cewa ba a tashi daga makaranta sai an rubuta fiye da takarda 14. A shekarar da ta biyo baya, 1995 zuwa 1996, adadin ya sauko zuwa 1,525, wato ya ragu da kashi 42 cikin 100. Wannan nazari yana bin diddigin abin da ya faru tsakanin waɗannan alƙaluma biyu, musamman rawar da kwamitin malamai ya taka, domin a ganina nan ne zuciyar lamarin take.

Halin da ake ciki kafin gyara

Takardar tura ɗalibi ofis ita ce takardar da malami yake cikewa idan yaro ya yi laifin da ya fi ƙarfin a magance shi a cikin aji. Ana rubuta sunan yaron da laifinsa da lokaci da wuri, sannan ya ɗauki ƙafa ya tafi wurin shugaban makaranta ko mataimakinsa. Kowace takarda tana cin lokacin mutum uku aƙalla: malamin da ya tsayar da darasi domin ya rubuta, shugaban da ya ajiye aikinsa domin ya saurara ya yanke hukunci, da kuma yaron da ya rasa darasin da aka fitar da shi daga ciki. Sau da yawa yaron da ake yawan turawa shi ne wanda karatu ya riga ya yi wa nisa, don haka kowace fita tana ƙara masa tazara, tazarar kuma tana ƙara masa dalilin neman fita. Makarantar da take rubuta irin wannan takarda sau goma sha huɗu a rana ta mayar da ofishin shugabanta kotu, kuma shugaban da ya wuni yana shari'a ba shi da sauran lokacin shiga aji ya ga yadda ake koyarwa.

Lokacin da wannan yake faruwa, guguwar tsaurara hukunci ce take kaɗawa a makarantun Amurka. A 1994 aka kafa dokar tarayya da ta wajabta wa jihohi korar duk ɗalibin da ya shigo da bindiga makaranta na tsawon shekara ɗaya aƙalla, kuma hukumomin ilimi da yawa suka faɗaɗa wannan manufa ta rashin sassauci har ta shafi faɗa da taurin kai da ƙananan laifuffuka. Daga baya, a 2008, kwamitin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa ya duba shaidar da aka tara, ya kuma bayyana cewa ba ta nuna manufar ta sa makarantu sun fi zama lafiya ba. Amma a tsakiyar shekarun 1990 wannan hukunci bai fito ba tukuna, kuma hanya mafi sauƙi ga makaranta irin Fern Ridge ita ce ta ƙara yawan dakatarwa da kora. Ba ita ta bi ba.

Abin da ya kamata a fahimta game da makarantar da takardu suka yi wa yawa haka shi ne, ba taurin kan yara kaɗai alƙaluman suke nunawa ba, suna nuna har da rarrabuwar kan manya. Ɗalibin ƙaramar sakandare a Amurka yana sauya aji da malami sau da yawa a rana ɗaya. Idan malamin farko yana ɗaukar wanda ya shigo bayan ƙararrawa a matsayin wanda ya makara, na biyu kuma yana jira sai ya gama kiran suna, na uku bai damu da lamarin ba sam, to yaron ba doka ɗaya yake bi ba, dokoki uku ne, kuma abin da zai koya shi ne nazarin halin kowane malami maimakon nazarin abin da ya dace. Haka kuma a baranda da ɗakin cin abinci da wurin jiran bas, inda babu malamin da yake jin cewa wurin nasa ne, kowa yana ganin abu ya kau da kai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Malami ɗaya, komai ƙwarewarsa, ba zai iya toshe wannan tsaga daga cikin ajinsa ba, domin tsagar tana tsakaninsa da abokan aikinsa ne.

Kwamitin da aka kafa da ƙafafunsa uku

Fern Ridge ta yi sa'ar maƙwabtaka da Jami'ar Oregon da ke Eugene, inda masana irin su Robert Horner da George Sugai suke aiki a kan wannan matsala tun farkon shekarun 1990. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki ɗabi'a kamar yadda ake ɗaukar lissafi ko karatu: a bayyana abin da ake so, a koyar da shi, a ba yaro dama ya gwada, a yaba masa idan ya yi daidai, a gyara masa idan ya kuskure, kuma a yi haka a makaranta baki ɗaya maimakon aji-aji. Makarantar ta kafa kwamiti na malamai da shugabanni, masanan jami'a suna ba shi shawara. An buga rahoton aikin a 1997 a wata mujallar bincike kan ilimi da ɗabi'a, sunan Susan Taylor-Greene ne a farko, kuma sunayen ma'aikatan makarantar suna jere da na masanan jami'a a matsayin marubuta. Wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne, domin yana nuna cewa ba bincike aka zo aka yi a kan malaman ba, da su aka yi shi.

Akwai abubuwa uku da kwamiti irin wannan yake buƙatar haɗawa: ilimi daga waje, sa hannun shugabanni na haƙiƙa, da shigar malamai cikin aikin. Kowanne yana da dalilinsa, kuma an fi ganin dalilin idan aka duba abin da yake faruwa inda aka rasa shi.

Ilimi daga waje shi ne mafi sauƙin fahimta. Malaman da suka shekara suna fama da yara ɗaya sukan gaji har su daina ganin wata mafita ban da ƙarin hukunci, kuma baƙon da ya ga makarantu da yawa yana iya nuna musu cewa akwai abin da aka gwada a wani wuri. Sai dai masanin waje ba ya kwana a makarantar, bai san wace baranda ce take cunkushewa bayan cin abinci ba, don haka matsayinsa na mai ba da shawara ne, ba na mai yanke shawara ba.

Sa hannun shugaba ya fi wuya, kuma a nan ne kwamitoci da yawa suke mutuwa. Akwai bambanci mai girma tsakanin shugaban da ya ce ya amince a kafa kwamiti da shugaban da yake zama a cikinsa. Duk shawarar da kwamitin ɗabi'a zai yanke tana taɓa abin da shugaba kaɗai yake da iko a kansa: jadawalin darussa, lokacin taron malamai, wanda zai tsaya a baranda, ɗan kuɗin da za a kashe, da yadda ofis zai karɓi yaron da aka turo. Idan shugaba ba ya wurin, kwamitin zai tattauna, ya rubuta shawara, ya aika, ya jira amsa, kafin amsar ta zo wata ya wuce kuma zafin maganar ya huce. Malamai masu hankali ne, suna gane taron da ba ya haifar da komai, kuma bayan zama biyu ko uku sai uzuri ya fara yawa. Amma akwai hatsari a ɗaya gefen ma, domin shugaban da ya shigo kwamiti ya mamaye magana ya mayar da shi wurin karanta umarni. Abin da ake nema shi ne shugaba mai zuwa kowane zama, mai saurare fiye da magana, wanda idan an cimma matsaya zai ce an yi, a fara ranar Litinin.

Shigar malamai kuwa ita ce take ba kwamitin halacci. Ba zai yiwu dukan ma'aikata su zauna su tsara komai ba, don haka ake zaɓar wakilai, kuma ka'idar da ta kafu a wannan fage ita ce kwamitin ya zama hoton makarantar: malami daga kowane mataki na aji, malamin yara masu buƙata ta musamman, mai ba ɗalibai shawara, wani daga cikin ma'aikatan da ba sa koyarwa, kuma inda hali ya yi a sa iyaye da ɗalibai. Ina ganin wajibi ne a nanata batun ma'aikatan da ba sa koyarwa, domin direban bas da mai raba abinci da mai kula da filin wasa suna ganin yara a wuraren da rikici ya fi tashi, amma su ne ake mantawa da su idan an zo tsara doka. Wakilan nan ba su da ikon ɗora wa abokan aikinsu komai. Aikinsu shi ne su tsara daftari, su kai gaban dukan malamai, su karɓi gyara, su koma su sake, har sai an yarda. Ma'aunin da masanan Oregon suka riƙe, kuma har yau ake amfani da shi, shi ne kada a fara aiki sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na ma'aikata sun amince cewa ɗabi'a tana cikin manyan abubuwan da makarantar za ta sa a gaba, kuma za su yi aiki da abin da aka tsara na tsawon shekaru, ba na zango ɗaya ba. Ba a nemi kashi 100 ba domin ba za a samu ba, kuma jiran mutum na ƙarshe ya gamsu wata hanya ce ta ƙin farawa.

Dokoki biyar da ranar buɗe makaranta

Abin da kwamitin ya fito da shi ya zama shirin da aka sa wa suna High Five, kuma ya tsaya a kan abubuwa biyar da ake sa ran kowane ɗalibi zai yi: ya girmama mutane, ya ɗauki nauyin abin da ke kansa, ya bi umarni, ya kame hannunsa da ƙafarsa daga jikin wani, ya kuma kasance a inda ya kamata cikin shiri. Biyar ne kawai, yadda yaro zai iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, kuma dukansu suna faɗin abin da za a yi ne, ba abin da aka hana ba. Wannan zaɓi yana da tushe. Jerin hani ba ya ƙarewa, domin duk abin da aka manta ba a rubuta ba yaro zai ce ba a hana shi ba, alhali umarni guda na girmama mutane ya rufe zagi da tsokana da katse magana da wasu laifuffuka da ba wanda ya hango.

Sai dai kalma kamar girmamawa ba ta da amfani ga yaro ɗan shekara 12 idan an bar ta a rataye a bango. Aiki mafi nauyi da ke kan kwamiti shi ne fassara kowace doka zuwa aikin da ido yake gani a kowane wuri na makarantar, kuma a nan ne ake gane ko manya sun yarda da juna ko a baki kawai suka yarda. Kowa zai ɗaga hannu ya amince cewa ɗalibi ya zo cikin shiri, amma da zarar an tambayi abin da hakan yake nufi, ko yana kan kujera kafin ƙararrawa ta tsaya ko ya isa ya kasance cikin ɗakin, ko dole ya zo da alƙalami ko malami zai ba shi, sai gardama ta tashi. Wannan gardama alheri ce, domin saɓanin ya daɗe yana nan, yara ne suke ɗaukar nauyinsa ba tare da manya sun sani ba.

Shekarar 1995 zuwa 1996 ta buɗe da koyar da waɗannan dokoki biyar. Maimakon a tara yara a babban ɗaki a karanta musu littafin doka, an kai su rukuni-rukuni zuwa wuraren da ake son su yi aiki da dokokin, kamar aji da baranda da ɗakin cin abinci da ɗakin motsa jiki da wurin hawa bas, aka nuna musu yadda ake yi daidai da yadda ake yi ba daidai ba, sannan suka gwada da kansu. Wani zai ce ɓata lokaci ne a koya wa yaron da ya shekara shida a makaranta yadda ake tafiya a baranda. Amsar ita ce, makarantar da ta rasa darussa dubbai a shekarar da ta gabata saboda tura yara ofis ba ta yi asara ba idan ta kashe farkon shekara wajen rage wannan ɓarna. Akwai kuma amfani na biyu da ba a cika ambata ba: malaman da suka tsaya gaban yara suka koyar da doka ɗaya da kalmomi ɗaya sun ɗaure kansu a bainar jama'a, kuma daga ranar ya zama da wuya wani ya koma ga dokarsa ta kansa.

Tare da koyarwar aka kafa tsarin yabo, inda ma'aikaci yake miƙa wa ɗalibi ɗan tikiti idan ya gan shi yana aiki da ɗaya daga cikin dokokin, yana kuma faɗa masa abin da ya yi daidai. An daɗe ana muhawara a kan irin wannan lada. A 1999 Edward Deci da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 128 suka nuna cewa ladan abin hannu da aka yi alkawarinsa tun farko yana iya rage sha'awar da mutum yake da ita ga aikin da dā ma yake so, yayin da yabon baki yake ƙara ta. Wannan gargaɗi ne da ya kamata kowane kwamiti ya riƙe. A fahimtata, babban aikin tikitin ba a kan yaro yake ba, a kan babba yake. Malamin da aka ba tikiti ya raba dole ya ɗaga ido ya nemi wanda yake yin daidai, alhali idon da ya gaji ba ya ganin kowa sai mai laifi. Idan tikitin ya rabu da maganar da take tare da shi, ya zama takardar sayen alewa kawai, to ya rasa dalilinsa.

Abin da ya riƙe aikin bayan makon farko

Kyakkyawar buɗewa ba ta wadatar, dole tallafin ya ci gaba har ƙarshen shekara. Wannan shi ne sashen da ba shi da armashi, kuma shi ne aikin kwamiti na gaskiya: zama a kai a kai, duba takardun da aka rubuta, da yanke abin da za a yi. Takardar da dā take ƙarewa a cikin fayil ta zama shaida. Daga irin wannan aiki ne Jami'ar Oregon ta ƙirƙiro manhajar intanet mai suna SWIS, wadda take rarraba takardun ofis ta fuskoki biyar: matsakaicin adadi a kowace rana cikin wata, irin laifin, wurin da ya faru, lokacin da ya faru, da ɗaliban da abin ya shafa.

Amfanin wannan rarrabuwa shi ne tana sauya irin maganar da ake yi a taro. Idan malami ya ce yaran bana ba su da kunya, babu abin da kwamiti zai iya yi da wannan magana sai jajantawa. Idan kuwa aka ce yawancin takardun faɗa suna fitowa ne daga baranda ɗaya, a cikin mintunan da ke bayan cin abinci, kuma 'yan aji ɗaya ne suka fi yawa a ciki, to an sami abin kamawa: a sauya lokacin sallamar wani rukuni, a tsayar da babba a wurin, a sake koyar da dokar kame hannu a barandar kanta, a dawo bayan makonni a ga ko adadin ya motsa. Daga baya masanan Oregon da abokan aikinsu sun tsara wa irin wannan zama tsari na musamman mai suna TIPS, wanda ya raba aiki uku: mai jagorantar zama, mai rubuta abin da aka yanke, da mai nazarin alƙaluma wanda yake duba su kafin a zauna domin kada a ɓata rabin taro ana kallon jadawali. Kowace shawara sai an rubuta wanda zai aiwatar da ita da ranar da zai gama, kuma zama na gaba yana farawa ne da tambayar ko an yi abin da aka ce za a yi, kafin a tambayi ko ya yi amfani. Jerin tambayoyin nan biyu yana da muhimmanci, domin sau da yawa ana watsar da dabara a kan cewa ta gaza alhali ba a taɓa aiwatar da ita ba.

Yaran da dokoki biyar ba su ishe su ba

Babu wanda ya yi da'awar cewa koyar da doka da raba tikiti zai gyara kowane yaro. A 1996 Hill Walker da abokan aikinsa, su ma daga Oregon, suka aro tsarin rigakafi mai mataki uku daga fannin lafiyar jama'a suka kawo shi makaranta, kuma ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kimanin kashi 80 na ɗalibai tsarin bai-ɗaya zai ishe su, kimanin kashi 15 suna buƙatar ƙarin tallafi a rukuni, kimanin kashi 5 kuma sai an tsara wa kowannensu shiri nasa. Fern Ridge tana cikin wuraren farko da aka gina wani irin tallafi na mataki na biyu, wato na kashi 15 ɗin nan, wanda yanzu ya yaɗu a makarantu da yawa. Ɗalibi yana fara ranarsa da gaisawa da wani babba da aka ware masa, ya karɓi katin ranar, kowane malami ya ba shi maki a ƙarshen darasi bisa dokokin makarantar tare da 'yar magana, da yamma ya koma wurin babban nan su duba makin tare, ya kai katin gida iyaye su sa hannu, ya dawo da shi washegari.

Tsarin yana da sauƙin bayani, amma ba ya tafiya sai da haɗin kai, domin kati ɗaya yana ratsa hannun malamai da yawa da mai kula da shirin da iyaye a rana ɗaya, kuma idan mutum ɗaya a cikinsu ya riƙa cike shi da gaggawa ko ya mayar da shi wurin huce haushi, yaron zai gane. Kuma ba zai yiwu a kula da waɗannan yara yadda ya kamata ba sai an fara rage cunkoson ofis, domin a cikin takardu 2,628 yaron da yake cikin matsala ta gaske yana ɓacewa a tsakanin ɗaruruwan da suka makara ko suka yi surutu.

Iyakar abin da alƙaluman suke tabbatarwa

Wajibi ne a karanta raguwar kashi 42 da idon basira. Makaranta ɗaya ce, shekara biyu aka kwatanta, kuma babu wata makaranta da aka ajiye a gefe domin a auna. Bugu da ƙari, takardar ofis tana auna halin malami kamar yadda take auna halin yaro, domin idan malamai suka yarda cewa ƙananan laifuffuka a aji za a magance su, adadin zai sauka ko da yaran ba su sauya ba. Wannan ma ci gaba ne, tunda yaron ya zauna a darasi, amma ba daidai yake da cewa ɗabi'a ta gyaru da kashi 42 ba. Shaida mai ƙarfi ta zo ne daga baya. A 1997 aka gyara dokar ilimin yara masu naƙasa ta Amurka aka sa batun tallafin ɗabi'a mai kyau a cikinta, a 1998 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar da take taimaka wa makarantu a kan tsarin da yanzu ake kira PBIS, wato tsarin koyar da ɗabi'a mai kyau a makaranta baki ɗaya irin wanda Fern Ridge ta bi, kuma makarantu fiye da 25,000 sun karɓe shi. A 2009 aka buga gwajin da aka yi a firamaren jihohin Hawaii da Illinois, inda aka zaɓi makarantun da za su fara ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba bisa ra'ayin kowa ba, sannan a 2010 Catherine Bradshaw da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin shekara biyar a firamare 37 na jihar Maryland, wanda ya nuna raguwar tura ɗalibai ofis da raguwar dakatarwa a makarantun da aka horar.

Akwai kuma matsalar da jimillar adadi take ɓoyewa, kuma ba daidai ba ne a wuce ta. A 2011 Russell Skiba da abokan aikinsa suka duba takardun makarantu 364 suka gano cewa ana tura ɗalibai baƙar fata ofis fiye da ninki biyu na fararen fata a firamare, kuma kusan ninki huɗu a ƙaramar sakandare. Makaranta tana iya rage takardunta da rabi amma wannan giɓi yana nan daram. Kwamitin da ba ya rarraba alƙalumansa bisa launin fata da jinsi da naƙasa zai yi murna da nasarar da wasu yara ba su ɗanɗana ba, kuma kwamitin da babu iyaye daga kowane ɓangare a cikinsa yana iya rubuta al'adar rukuni ɗaya ya kira ta girmamawa. Laifuffukan da suka dogara da fassarar malami, kamar rashin kunya da taurin kai, su ne suka fi buƙatar a zauna a fayyace su dalla-dalla.

A shekarar 2000 aka sake buga wani rahoto a kan Fern Ridge, wanda ya nuna cewa shirin High Five yana nan yana aiki shekaru bayan farawarsa, abin da ba kasafai ake samu ba a gyare-gyaren makaranta. Binciken da Kent McIntosh da abokan aikinsa suka buga a 2013, wanda ya shafi makarantu 217, ya gano cewa amfani da alƙaluma da kwamiti yake yi wajen yanke shawara yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko makaranta za ta ɗore a kan tsarin. Wata babbar barazana ita ce sauyin ma'aikata: shugaba yana tafiya, malamin da ya fi kowa himma yana samun canjin wurin aiki, kuma a ƙaramar sakandare mai aji uku kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai sababbi ne kowace shekara. Saboda haka makarantun da suke ɗorewa sukan sa wa kowane muƙami na kwamiti mataimaki da zai riƙe shi idan mai shi ba ya nan, sukan sauya wakilai kaɗan-kaɗan maimakon gaba ɗaya, sukan rubuta darussan dokokin a ajiye domin sabon malami ya same su, sannan su maimaita koyarwar farkon shekara ga kowa da kowa, har da 'yan aji 8 da suka riga suka ji ta sau biyu.